Tambayoyi da amsoshi kan auna motsin ilektron a rabin-ƙarfe masu topoloji da leza mai gajeren bugu

Ɗalibin fizik da ya kai masta a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ya fara laluben batun bincike a fannin kiristal, ba ya daɗewa bai ci karo da ARPES ba, wato dabarar fizgo ilektron daga fuskar kiristal da haske a auna kuzarinsa da kusurwar da ya fito. Ga tambayoyin da ɗalibai suka fi yi kan reshen wannan dabara da ke bin ilektron femtosakan bayan femtosakan (femtosakan ɗaya shi ne 10⁻¹⁵ na daƙiƙa, pikosakan ɗaya kuma femtosakan dubu ne). An ɗauka mai karatu ya san foton, ya kuma taɓa ganin zanen layukan kuzari.

Mene ne rabin-ƙarfe mai topoloji?

A jan ƙarfe, ilektron sun cika matakin Fermi maƙil, wato iyakar kuzari da ke tsakanin mazaunin da ilektron suka cika da wanda yake fanko. A silikon kuwa akwai giɓi na kusan eV 1.1 tsakanin layin da ya cika da wanda yake fanko. Rabin-ƙarfen da muke magana yana tsakani: layukan biyu suna taɓa juna a ɗigo ɗaya ɗaya, ko a kan zobe, kuma kusa da wurin kuzari yana hawa miƙe da momantum, kamar yadda lissafin Dirac na 1928 da na Weyl na 1929 suka faɗa game da ƙwayar da ba ta da nauyi.

An ga ɗigon Dirac a cikin Na3Bi da Cd3As2 a 2014. Idan kiristal ba ya da cibiyar juyi (wurin da in an juya tsarin atom ta cikinsa yake komawa daidai yadda yake), ko kuma yana da maganaɗisu, ɗigon Dirac yakan rabu biyu, na dama da na hagu, su ne ɗigon Weyl. A 2015 ƙungiyar Zahid Hasan a Princeton da ta Hong Ding a Beijing suka gan su a TaAs, mai ɗigo 24. Abin da ya kawo topoloji cikin zancen shi ne ba a iya share ɗigo ɗaya shi kaɗai, sai ya gamu da abokinsa mai kishiyar hannu. A fuskar kiristal kuma akwai wani layi buɗaɗɗe da ke haɗa inuwar ɗigon biyu, bakan Fermi, wanda aka yi hasashensa tun 2011. Akwai wasu danginsu: WTe2 da MoTe2 masu ɗigon da ya karkace, ZrSiS mai zobe, da Co3Sn2S2 mai maganaɗisu.

Yaya haske yake nuna layin kuzari?

Tushen shi ne bayanin Einstein na 1905. Kuzarin ilektron da ya fito daidai yake da na foton, a cire kuɗin fita daga fuska (eV 4 zuwa 5 a yawancin waɗannan kiristal), a kuma cire zurfin da yake ƙarƙashin matakin Fermi. Momantum ɗin da ke kwance a kan fuska ba ya canjawa lokacin fita, kuma ana samunsa da:

k = 0.512 × √E × sin θ

inda E shi ne kuzarin ilektron da ya fito, cikin eV, θ kusurwar fitarsa, k kuma momantum ɗin, cikin Å⁻¹. Momantum na tsaye shi ne matsala, domin ba ya tsira yadda yake. Sai an yi ta sauya kuzarin foton kafin a gano shi, abin da sinkrotron, babbar na'ura mai zobe da ke samar da haske daga ilektron masu gudu, ke yi cikin sauƙi, leza kuwa da ƙyar. A riƙe wannan, domin ɗigon Weyl yana zaune ne a wuri ɗaya tak cikin sarari mai ɓangare uku.

Wani abin riƙewa: ilektron mai eV 20 zuwa 100 ba ya tafiyar da ta wuce Å 5 zuwa 10 a cikin kiristal bai yi karo ba. Fatar sama kawai ake gani. Wannan alheri ne ga mai neman bakan Fermi, cikas ne ga mai neman ɗigon da ke can ciki. Shi ya sa aka koma ga hasken X mai laushi, na ɗaruruwan eV, don ganin ɗigon TaAs na ciki.

To me gajeren bugu ya ƙara?

Abu biyu. Na farko, ARPES na zaune yana ganin wuraren da ilektron suke ne kawai, wato ƙasa da matakin Fermi. A WTe2 lissafi ya sa ɗigon Weyl wajen meV 50 sama da matakin, inda ba kowa. Sai a aika bugu na farko, bugun tayarwa, ya ɗaga ilektron sama, a biyo shi da bugun leƙe ya fizgo su kafin su sauko. Na biyu, ta sauya tazarar da ke tsakanin bugun biyu ana ganin yadda suke saukowa, da wa suke karo, da tsawon lokacin da kowane mataki ke ci.

Malam, wane agogo ne yake ƙirga femtosakan?

Babu shi, da tsawon hanya ake auna lokaci. Haske yana cin maikromita 0.3 a femtosakan ɗaya. Ana raba bugun leza gida biyu, a bi da ɗaya ta madubi mai mayar da haske da ke zaune a kan keken da inji ke turawa. Tunda hasken yana zuwa ya dawo, matsar da keken da maikromita 1 yana ba da femtosakan 6.7, maikromita 150 kuma pikosakan ɗaya. A kowace tazara ana tara bugu miliyoyi, don haka abin da ake aunawa dole ya zama mai komawa yadda yake kafin bugu na gaba ya iso.

Wahalar ranar farko ita ce a haɗa bugun biyu wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Don wuri, ana sa ɗan allo mai ƙyalli na YAG a mazaunin samfur, a duba tabon biyu da kamara. Don lokaci, ana fara kusanto su da fotodayod mai sauri, sannan a sa samfur mai amsawa da ƙarfi, irin grafit ko Bi2Se3, a yi ta tura keken har ilektron su bayyana sama da matakin Fermi. Wanda ya fara wannan neman da samfurinsa mai tsada zai ƙarar da tsabtar fuskarsa bai ga komai ba.

Wane foton ya kamata a zaɓa don leƙe, eV 6 ko sama da 20?

Wurin da ɗigon yake a sararin momantum shi ke yanke hukunci, ba son rai ba.

Lezar titaniyom-safir tana ba da nanomita 800, wato eV 1.55. Idan aka ninka ta huɗu da kiristal na BBO, za a samu wajen eV 6. Hanya ce mai sauƙi, haskenta tsayayye ne, kuzarinta kuma siriri. Amma a yi lissafi: a cire eV 4.5, saura 1.5, a kusurwar digiri 30 k bai wuce Å⁻¹ 0.31 ba. Tsakiyar yankin Brillouin, wato filin momantum na kiristal, kawai za a gani. Ga Bi2Se3 ya isa. Ga grafin, wanda ɗigonsa ke Å⁻¹ 1.7, ko kusa bai isa ba.

Ɗaya hanyar ita ce a matse leza mai ƙarfi cikin iskar argon, ta haifar da ninki-ninki marasa cika biyu. Da lezar itarbiyom mai nanomita 1030 da aka ninka zuwa 515, ninki na tara yana ba da wajen eV 21.7. A digiri 30 ɗin nan k ya haura Å⁻¹ 1. Farashinsa: abin da ke juyewa zuwa wannan haske ɗan kaɗan ne ƙwarai, iska tana shanye shi don haka duk hanyarsa sai an zuƙe mata iska, kuma sai an tace sauran ninkin da siririn fallen alminiyom ko kuza da madubai na musamman. Fallen nan, mai kaurin ɗaruruwan nanomita, yana fashewa da an buɗe bawul da gaggawa.

Me ya hana a samu kaifin lokaci da kaifin kuzari tare?

Dokar Fourier. Ga bugu mai siffar Gauss, faɗin kuzari sau faɗin lokaci ba ya kasa meV·fs 1825. Bugun femtosakan 20 yana da faɗin meV 91 aƙalla, na 50 yana da 36, na 100 yana da 18. Kaifin lokaci na duk awon kuma yana haɗa bugun biyu: tayarwa 40 da leƙe 30 suna ba da 50.

A nan ne takardun neman lokacin na'ura da yawa ke faɗuwa. Ɗalibi ya rubuta zai raba ɗigon Weyl biyu da ke da tazarar ƴan meV, kuma a awo ɗaya zai ga karon ilektron da ilektron na femtosakan 20. Ba ya yiwuwa, kuma masu tantancewa suna gane haka daga layin farko. A zaɓi tambaya ɗaya. Kaifin kuzari na gaskiya kuwa, kada a kwafo shi daga takardar kamfani: a auna bakin Fermi, wato wurin da ƙirgar ilektron ke yankewa a matakin Fermi, na zinariya mai sanyi a ranar awon.

Yaya ake shirya samfur?

Ana manna kiristal, sau da yawa bai fi milimita 1 ko 2 ba, a kan farantin jan ƙarfe da gam mai azurfa, domin wuta ta ratsa. A kansa kuma a manna ɗan sanda na yumɓu ko alminiyom, a gasa gam ɗin a wajen digiri 100 zuwa 120. Bayan an shigar da shi ɗakin awo, an sanyaya shi, sai a doke sandan, kiristal ya tsage, sabuwar fuska ta fito. WTe2 da MoTe2 falle-falle ne, ko salatif yana ɓare su. TaAs da Cd3As2 suna da taurin kai, sukan bar fuska mai tudu da kwari, shi ya sa ba a tafiya da samfur ɗaya. Na3Bi yana lalacewa da iska ta taɓa shi, sai a akwatin argon ake harhaɗa shi. Arsenik da kadmiyom guba ne, safar hannu wajibi, kuma ɓarɓashinsu ba ya shiga kwandon shara na gama-gari.

Matsin ɗakin ya kamata ya kai milibar 10⁻¹⁰ ko ƙasa. A 10⁻⁶ daƙiƙa ɗaya ta isa iskar da ta rage ta rufe fuskar, a 10⁻¹⁰ ana da ƴan awoyi. Don kaiwa nan sai an naɗe ɗakin da takardar alminiyom an gasa shi kwana biyu zuwa uku a digiri 120 zuwa 150. Samfur mai sanyi ya fi jawo datti, don haka idan bakan Fermi ya dusashe bayan awa shida, a fara zargin tsufan fuska kafin a zargi leza.

Ƙarfin bugun tayarwa nawa ya dace?

Yawanci tsakanin mJ/cm² 0.1 da 1. Misali: leza mai bugu dubu 100 a daƙiƙa, an sako miliwat 50, kowane bugu yana da maikrojul 0.5. Idan faɗin tabon maikromita 300 ne, filinsa cm² 0.0007, sakamako mJ/cm² 0.7. Daga nan a cire abin da tagar ɗakin da fuskar samfur suka mayar, a tuna kuma hasken da ya sauka a karkace yana miƙa tabon. Tabon tayarwa ya ninka na leƙe biyu ko uku, in ba haka ba za a cakuɗa wuri mai zafi da mai sanyi a hoto ɗaya.

Miliwat 50 a kan ƙwayar kiristal ba wasa ba ne. Ma'aunin zafi yana iya nuna Kelvin 20 alhali wurin da haske ke sauka ya fi haka nesa. Ga MoTe2 wannan babban lamari ne, domin tsarinsa mai ɗigon Weyl yana nan ne ƙasa da wajen Kelvin 250 kawai.

Layukan sun gusa kuma sun yi kauri. Sabon abu na gano?

Mai yiwuwa a'a. Idan bugu ɗaya ya fizgo ilektron da yawa, suna ture juna a hanyarsu ta zuwa na'urar awo, masu sauri su ƙara sauri, na baya su ƙara jinkiri. Gwajin ba shi da wuya: a rage hasken leƙe da rabi. Idan bakin Fermi ya matsa, turereniya ce. Maganinta a rage foton a kowane bugu a ƙara yawan bugun, abin da ya sa labo da yawa suka bar lezar kilohaz 1 suka koma ta ɗaruruwan kilohaz.

Bugun tayarwa ma yana fizgo nasa ilektron idan foton uku na eV 1.55 suka haɗu a kan guda, musamman a gefen tsagewa mai kaifi. Ana gane shi ta toshe hasken leƙe: idan na'ura ta ci gaba da ƙirga, ga mai laifi nan. Alamarsa ta biyu, layuka suna gusawa tun kafin bugun tayarwa ya iso, abin da fizik ɗin cikin kiristal ba zai haifar ba. A matsa zuwa wuri mai santsi, ko a juya hasken yadda filin wutarsa zai kwanta a kan fuska.

Akwai kuma kwafin layuka da kan fito sama da ƙasa da na asali, da tazarar foton ɗaya na tayarwa, a daidai lokacin da bugun biyu suka haɗu. Sau da yawa ilektron ne da ya riga ya fito ya karɓi foton a waje. Yana da amfani wajen gano sifirin lokaci, amma ba hali ne na kiristal ba.

Me ke faruwa da ilektron bayan an tayar da su?

Cikin gomman femtosakan na farko suna karo da juna, su raba kuzarin har su yi kama da taro mai zafi ɗaya, wanda kan kai Kelvin dubu ko fiye, alhali atom ɗin kiristal ba su ji komai ba tukuna. Cikin ɗaruruwan femtosakan sai su zubar da kuzari ga fonon, wato girgizar atom ɗin kiristal, masu ƙarfi, na gomman meV. Daga nan sanyin yana tafiyar hawainiya, pikosakan ɗaya zuwa da yawa, ta hanyar fonon masu rauni da kuma zafin da ke nutsewa cikin kiristal.

Abin da ya sa waɗannan kiristal suka bambanta shi ne ƙarancin mazauni kusa da ɗigon. A ɗigon Weyl yawan mazaunin ilektron yana tafiya da E², ya zama sifiri a kan ɗigon kansa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Kennedy da yamma, lokacin da duk Harobanda ke son tsallakawa, ya san yanayin: hanya faffaɗa a baya, faffaɗa a gaba, mashigi ɗaya siriri a tsakiya. Ilektron sukan taru sama da ɗigon, ramukan da suka bari su taru ƙasa, har kowane ɓangare ya riƙe nasa matakin Fermi na ɗan lokaci. An ga haka a grafin a awon 2013. Masu ƙera na'urar gano hasken infrared da na terahaz suna bin wannan jinkiri da ido, domin ilektron da ya daɗe da zafi ana iya tatsar wuta daga gare shi.

Wajen fitar da zafin daga bayanai, ana daidaita bakin da lissafin Fermi-Dirac, inda kT yake meV 26 a Kelvin 300, 86 a Kelvin 1000. Sai an saka kaifin na'ura cikin lissafin, an kuma tara ƙirga a kan faɗin momantum da ya rufe layin duka. A femtosakan 50 na farko kuwa, kwamfuta za ta ba da lamba ko da taron bai daidaita ba, kuma wannan lambar ba zafi ba ce.

Idan sanyin ya yi jinkiri, na tabbatar da topoloji ke nan?

A'a. Jinkiri yana nuna ƙarancin mazauni, kuma ƙaramin giɓi na kiristal marar topoloji ma yana haifar da shi. Bugu da ƙari, a TaAs da WTe2 akwai wasu aljihunan ilektron na gama-gari a matakin Fermi da ke ba da hanyar ratse. Ko layi mai kama da baka bai isa hujja ba: a WTe2 an nuna babban bakan da ke fuskarsa yana iya kasancewa ko da ɗigon Weyl ko babu. Hujja tana bukatar lissafin layuka, da awo a foton daban-daban, da ƙirga yawan layukan fuska da ke ratsa zagayen da ya kewaye inuwar ɗigon.

Gaskiya ne haske yana iya sauya topoloji?

Ta hanya biyu. Ta farko ita ce girgiza atom. A 2019 ƙungiyar Aaron Lindenberg a SLAC ta Amurka ta harba bugun terahaz kan WTe2, ta ga fallayensa suna zamewa a kan juna a terahaz 0.24, lilo ɗaya cikin wajen pikosakan 4, zuwa ga tsari mai cibiyar juyi inda ɗigon Weyl ba sa iya zama. Da watsuwar ilektron suka auna, ba da ARPES ba. A 2020 masu bincike a Kiel ta Jamus suka ga wannan lilo a cikin layukan kuzarin kansu. Mai son ganinsa sai ya auna aƙalla pikosakan 20, domin lilo ɗaya ko biyu ba sa ba da lamba mai kyau.

Ta biyu ita ce halin Floquet, inda filin hasken ke auren ilektron muddin bugun yana nan. Ƙungiyar Nuh Gedik a MIT ta gan shi a fuskar Bi2Se3 a 2013 da foton na meV 120. Lissafin 2017 ya nuna haske mai juyawa zai iya raba ɗigon Dirac na Na3Bi ya zama na Weyl. Abin da ke wahalar da wannan a rabin-ƙarfe shi ne karo: idan ilektron ya watse kafin filin ya yi ƴan zagaye, halin ba ya kafuwa, sai zafi.

Za a iya kafa irin wannan na'ura a Yamai ko Tawa?

Kuɗin cikakkiyar na'ura yakan wuce yuro miliyan ɗaya, sama da sefa miliyan 650, amma ba sayen ne ya fi wuya ba, riƙon ne. Ɗakin leza yana son zafin da ba ya motsi fiye da rabin digiri, dare da rana, har cikin Afrilu da Mayu da waje ke haura 40. Idan gefe ɗaya na teburin ƙarfe ya fi ɗaya ɗumi da digiri 1, mita ɗaya na hanyar haske zai ƙaru da fiye da maikromita 10, sifirin lokaci ya gusa da fiye da femtosakan 30. Ƙurar hunturu idan ta sauka kan madubi, leza tana ƙona ta a wurin, madubin ya tashi aiki. Ɗaukewar wuta na minti kaɗan kuma, in babu batir da gurup mai tashi da kansa da bawul mai rufe kansa, yana iya jawo sabon gashin ɗaki na kwana uku. Duk ana iya magance su, sai dai da kasafin kuɗi na kowace shekara da ma'aikacin da ba shi da wani aiki sai wannan.

Har yanzu Afirka ba ta da sinkrotron ko ɗaya. Masu fafutukar a gina shi sun yi taronsu na farko a Grenoble ta Faransa a 2015.

To me ɗalibi zai iya yi daga nan?

Lissafi da nazarin bayanai, kuma kowace ƙungiyar awo tana bukatar mai yin su. Quantum ESPRESSO, Wannier90 da WannierTools duk kyauta ne. A fara da TaAs, mai atom 4 kacal a ƙaramin ɗakinsa, wato gungun atom da ke maimaituwa cikin kiristal, wanda kwamfuta mai ƙwari za ta ɗauka. A yi lissafin farko ba tare da haɗin juyin ilektron da kewayensa ba: zobba za su fito. A kunna haɗin, da fayilolin atom masu cikakken lissafin rilatibiti, zobban su tsinke su bar ɗigo 24. Wanda bai samu 24 ba ya duba yawan ɗigon k da ya sa, da tagar kuzarin da ya ba Wannier90. WTe2, mai atom 12, a bar shi sai hannu ya faɗa, domin ɗan canji a tsawon ɗakinsa yana sa ɗigon su bayyana ko su ɓace.

Don horo, akwai makarantar ASESMA da ke zagaya ƙasashen Afirka duk shekara biyu tun 2010, da cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya, gari ɗaya da sinkrotron na Elettra. Wurare irin su Artemis a Ingila da FLASH a Hambug suna ba da lokacin na'ura ta hanyar takardar nema da ake tantancewa, yawanci ƴan kwanaki. A takardar a rubuta inda ɗigon yake a momantum, nisansa da matakin Fermi, foton ɗin da zai kai can, kaifin lokaci da na kuzari da suka dace da dokar 1825, da sunan labon da zai noma kiristal ɗin da yawan ƙwayoyin da zai bayar.